Mai Alawar Matse-Ido

Duk wanda ya taɓa jefa Matse-Ido a baki a garin Bauchi ya san inda sunan ya samo asali. 'Yar alawa ce da ba ta fi ɗan magarya girma ba, amma kafin ta kai tsakiyar harshe ido ya rufe da kansa, kumatu sun tsuke, yawu ya tsinke. Sai ka ga dattijo da gemunsa yana buga ƙafa a ƙasa kamar wanda ya taka garwashi. In mutum ya daure ya ƙirga ashirin, farin garin tsamin da aka barbaɗe ta da shi ya narke, sai zaƙi ya biyo baya.

Kala uku ce. Jar ta zoɓo ce, ita ce mai sauƙin hali. Mai ruwan ƙasa ta tsamiya ce. Koriyar kuwa, wadda ake haɗawa da lemun tsami da garin 'ya'yan kuka, yara suka laƙaba mata Kwamanda, don ba ta san sassauci ba. Direbobin Jos da na Gombe suna sayenta saboda gyangyaɗi, masu ciki kan aika a nemo musu ita ko daga Yelwa ne, 'yan makaranta kuma gasa suke yi da ita, a ga wanda zai riƙe ta a baki bai yamutsa fuska ba.

Rabi'atu ce mai yin ta, a bayan gidan mahaifinta a unguwar Ɗan Iya. Shekararta ashirin da shida. A wajen mahaifiyarta, Allah ya ji ƙanta, ta koyi alawar tsamiya irin wadda ake mulmulawa da hannu a jera a faranti. Da ta gama karatun sarrafa abinci ta yi zaman shekara guda ba aiki, sai ta sauko da tukunyar uwarta daga kan rumfa, ta ƙara wa alawar tsami, ta sama mata leda mai suna. Yanzu matan unguwa bakwai ne ke zuwa aiki kullum, biyu a cikinsu mazajensu sun rasu.

Wannan alawa da ta ɗaga sunanta ita ce kuma ta tsaya tsakaninta da saurayinta Hammadu.

Ranar Laraba da hantsi tana tsaye a kan tukunya tana juyawa da muciya, sai ta ji muryar mahaifinta daga tsakar gida.

"Rabi, in kin samu sarari ki zo."

Ta miƙa wa Azumi muciyar, wato babbar cikin matan da ke aiki da ita, ta wanke hannu ta tafi. Malam Jalo tsohon malamin firamare ne, ba ya ɗaga murya ko a aji balle a gida. Yana zaune a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya cire tabarau ya ajiye a kan jarida.

"Kawunnan Abdulsalami sun sake zuwa jiya. Zuwa na biyu ke nan."

Rabi'atu ta sunkuyar da kai. Abdulsalami babban ɗan kasuwa ne a Muda Lawal, shagunansa uku na biskit da alawa, shi ke ɗaukar rabin abin da take yi. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa yi mata ba daidai ba. Amma ranar da ya fara furta mata maganar aure, a numfashi ɗaya ya haɗa da cewa in sun yi aure sai a sayo inji, a sallami matan, a buga sunansa a jikin leda. Tun daga ranar zuciyarta ta kasa bambance ita yake so ko Kwamanda.

"Ban yi miki dole ba, ba kuma zan yi ba," in ji Malam Jalo. "Uwarki ma ba dole aka yi mata ba. Amma mutane masu mutunci ba a barinsu suna zarya. Sun ce Asabar bayan la'asar za su dawo su ji amsa. Shi wancan yaron shekara biyu yana shiga zaurena, ko goro ɗaya ban gani daga manyansa ba. Mece ce matsalar, Rabi? Gaya mini gaskiya."

"Mahaifiyarsa ce, Baba."

"A kan maganar yarinyar nan har yanzu?"

Ta ɗaga kai alamar i.

Wata huɗu da suka wuce, jikar Hajiya Kubura, mahaifiyar Hammadu, 'yar shekara takwas mai suna Habibatu, ta shiga gasa da ƙawayenta a makaranta ta shanye koriya tara a jere. Kafin yamma harshenta ya ɗaye, kwana uku ba ta iya cin komai ba sai kunu mai sanyi. A nan ne Hajiya ta gano cewa yarinyar da ɗanta ke maganar aure ita ce sunanta ke jikin ledar.

"To, ki gaya masa abin da na gaya miki," in ji Malam Jalo, ya mayar da tabaraunsa. "Ba gudu nake da ke ba. Amma ba zan zuba ido ki tsufa a bakin ƙofar da ba a buɗe miki ba."

Washegari bayan la'asar Hammadu ya zo. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, dogo, mai magana a hankali. Tun daga yadda ya ajiye mukullin mota a kan benci bai dube ta ba, ta san akwai magana.

Ta gaya masa saƙon Baba. Ya saurara yana murza hularsa a gwiwa.

"Na yi magana da Dada jiya," ya ce. Haka yake kiran mahaifiyarsa. "Ta sauko, Rabi'a. Wallahi ta sauko. Ta ce za ta bari a turo."

Ta dube shi. "Amma?"

"Amma sai kin bar alawar."

"In rage, ko in bari?"

"Ki bari gaba ɗaya. Ta ce in aiki kike so za a nema miki na ofis."

Rabi'atu ta dubi ƙofar cikin gida. Daga can ana jiyo dariyar matan suna naɗe alawa, da ƙarar leda, da rediyon Azumi. Ba ta san hawaye ya zubo ba sai da ya ɗiga a bayan hannunta.

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce zan gaya miki."

"Shi ke nan abin da ka ce?"

"Rabi'a, uwata ce. Tun rasuwar Baba ni kaɗai ne namiji a gabanta. In ce mata me? Ki bari na shekara ɗaya kawai. In an yi auren, ta san halinki, ni da kaina zan lallaɓa ta ki koma."

"Shekara ɗaya." Ta share ido da gefen mayafi. "Yaya Hamma, Azumi 'ya'ya biyar gare ta, ba uba. In ce mata ta ajiye cikinsu shekara ɗaya? Kuma in shiga gidanku da alkawarin da na san zan saɓa? Ranar da ka fara zuwa gidan nan, a kan tukunyar nan ka same ni, hayaƙi ya cika mini ido. Ba ka ce tana wari ba."

"Har yanzu ban ce ba."

"To don me kake neman in yi kamar ina jin kunyarta?"

"Don ina tsoron Asabar!" Muryarsa ta tashi, ya yi sauri ya sassauta ta. "Kwana biyu ya rage. In na rasa ki saboda alawa, da wane ido zan dubi kaina? Ba cewa nake Dada tana da gaskiya ba. Cewa nake ban ga wata ƙofa ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Idonsa ya yi ja, shi ma kaɗan ya rage.

"Ba alawa ba ce kawai," ta ce a hankali. "Ita ce abin da Inna ta bar mini. Ba ta bar gwal ba, ba ta bar fili ba. Tana kwance a asibiti tana gaya mini yadda ake gane ruwan tsamiya ya yi kauri, a ɗiga a ruwan sanyi a ga ko ya dunƙule. In na rufe tukunyar nan don wani ya ce abin kunya ce, na yarda ke nan uwata abin kunya ta yi har ta mutu."

Hammadu ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

"Ka yi mini abu ɗaya," ta ce. "Ka roƙi Hajiya ta bar ni in zo in gaishe ta. Ni kaɗai. Ko korata za ta yi, ta kore ni da bakinta."

Asabar da safe saƙonsa ya shigo wayarta: Dada ta ce ki zo bayan azahar.

Ta sa atamfa mara hayaniya da babban mayafi, ta hau keke mai ƙafa uku zuwa GRA. Ba ta riƙe komai ba sai ƙwaryar masa da ta sa aka soya mata da sassafe. Gidan yana da faɗin fili, itatuwan mangwaro sun yi masa inuwa, shirunsa har ya sa ta ji ƙarar takalminta.

Hajiya Kubura tana zaune a falo a kan darduma, ba a kan kujera ba. Farar mace ce siririya, shekarunta sun haura sittin, carbi a hannu. Rabi'atu ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ta har ƙasa.

"Lafiya lau. Matso nan, ba na son magana daga nesa."

Ta matso. Hajiya ta ƙare mata kallo, daga fuska har zuwa yatsunta da zoɓo ya rina.

"An ce kina son ganina."

"I, Hajiya. Da farko na zo in tambayi jikin Habibatu, in kuma ba da haƙuri. Tun lokacin ya kamata in zo, tsoro ya hana ni. Laifina ne."

"Ta warke. Yaro ai ba ya riƙe ciwo." Ta ja carbi ɗaya. "Amma kin ga harshen yarinyar nan a ranar? Ni na gani."

"Ban gani ba, amma kwana na yi ina ganinsa a raina. Tsamin da ke cikinta irin na lemo ne, Hajiya, ba guba ba ne, sai dai in ya yi yawa yana cin harshe, yana kuma taɓa haƙori. Ban yi tunanin yaro zai sha tara ba, kuma ya kamata in yi. Tun daga makon na sa aka rubuta a jikin leda da Hausa da Turanci kada a wuce biyu a jere, a kuma kurkure baki da ruwa. Na hana kai koriyar ƙofar makarantun firamare. Masu saye sun yi ta mita, na ce sai dai su yi."

Hajiya ta gyara zama a kan darduma. Da ta sake magana, muryarta ta sauya.

"Na ji labarin. Na aika an sayo mini na ga rubutun da idona. Ba a kan Habibatu nake magana ba yanzu."

Rabi'atu ta ɗago kai.

"Kin san ni 'yar wace ce?" Hajiya ba ta jira amsa ba. "Ɗana bai gaya miki ba, don shi ma rabi ya sani. Ni a ruga aka haife ni, can wajen Darazo. Ina 'yar shekara goma sha shida nake ɗauko ƙwaryar nono a ka in shigo gari, in zauna a bakin kasuwar Wunti ina damawa. A nan mahaifinsu ya gan ni, yana ƙaramin akawu. Ya aure ni, danginsa ba su so ba."

Ta ajiye carbin a cinya.

"Shekara ashirin, yarinya. Shekara ashirin in an taru biki ko suna, sai wata ta toshe hanci ta ce wai ana jin ƙarnin nono. Na haifi 'ya'ya huɗu a gidan, sunana bai tashi daga mai nono ba. Na daina Fillanci a gaban mutane. Na daina zuwa ruga. Uwata ta zo ganina sau ɗaya, na shigar da ita ta ƙofar baya." "Ta ƙofar baya. Kuma ba ta sake zuwa ba har ta rasu."

Hawaye ya cika idon Rabi'atu.

"Waɗancan matan suna nan da ransu, 'ya'yansu ma sun gaje su. Ranar da kika shigo dangin nan za su ce ga mai nono ta kawo mai alawa. Ni na sha nawa. Ba na so in zauna ina kallo ana yi wa matar ɗana, ana yi wa jikokina. Ki ajiye tukunyar, ki shigo da takardar karatunki a hannu, ba mai buɗe miki baki. Ba ƙinki nake yi ba. Hanya nake nuna miki."

Rabi'atu ta ji da ma faɗa Hajiya ta yi mata, da ya fi sauƙi.

"Hajiya, na gode da kika ɗauke ni 'ya har kika gaya mini wannan. Ba zai fita daga bakina ba." Ta goge fuska. "Ina son Yaya Hammadu, Allah ya sani. Amma ki gafarce ni in tambaye ki abu ɗaya. Da kika ajiye ƙwaryar, sun daina?"

Hajiya ta sauke ido kan carbin da ke cinyarta.

"In za su faɗa ko na bari ko ban bari ba, gara su faɗa ina tsaye a kan sana'ata, matan da ke ci a ƙarƙashinta suna ci. Zan bi ki sau da ƙafa a komai, Hajiya. Zan yi miki biyayyar da zan yi wa uwata da tana raye. Amma wannan ɗayan ba zan iya ba."

"Ko da za ki rasa shi?"

Rabi'atu ta ɗago ta dube ta.

"Ko da zan rasa shi."

Hajiya ta ɗauki carbinta, ta juya fuska wajen taga.

"To, kin zaɓa. Ki gaida mahaifinki."

A cikin keke Rabi'atu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukanta ba sauti tun daga GRA har Ɗan Iya. Hammadu ya kira sau uku, ba ta ɗauka ba.

Ana idar da sallar la'asar kawunnan Abdulsalami suka iso. Daga ɗakinta tana jin gaishe-gaishensu a zaure, dattawa uku, da ƙamshin turarensu. Can sai ga Malam Jalo ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofarta.

"Yaya kuka yi da ita?"

"Ba ta yarda ba, Baba."

Ya jinjina kai. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. To, ga mutane a zaure. Me zan ce musu?"

Ta san abin da hankali ke cewa. Abdulsalami ba shi da aibu a idon kowa, danginsa suna maraba da ita, ba mai toshe hanci. Hammadu kuwa ya riga ya kuɓuce.

"Ka ba su haƙuri, Baba."

"Rabi, kin gane abin da kike yi? Wancan babu, wannan ma ki ce babu?"

"Na gane. In na amsa masa yau, don na rasa wani ne, ba don shi ba. Bai cancanci haka ba. Kuma yana iya daina ɗaukar kayana, na san da wannan. Zan nemi wata hanya."

Malam Jalo ya dube ta. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Taurin kan uwarki," ya juya ya koma zaure.

Ba a daɗe ba ta ji suna sallama, muryoyinsu a sanyaye, motarsu ta tashi. Ta zauna a bakin gado, hannuwanta a cinya, ta ji gidan ya yi mata faɗi.

Sai wata sallama ta doki zauren, da ƙarfi, irin ta mutumin da ya saba kiran shanu daga nesa.

"Salamu alaikum! Nan ne gidan Malam Jalo?"

Ta miƙe ta laɓe a bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida. Wani tsoho ne baƙi dogo, da malafa da sanda, takalminsa duk taɓo. A bayansa Hammadu ne, kansa a ƙasa.

"Sunana Yero," in ji tsohon bayan an zauna. "A kara nake, wajen shanu. Ni ne yayan uwar yaron nan, ciki ɗaya. Ka yi haƙuri da shigata, daga kasuwa aka ɗauko ni. Waɗanda na gani suna fita, an ba su?"

"Ba a ba su ba," in ji Malam Jalo.

"Alhamdu lillahi." Tsohon ya cire malafa ya ɗora a gwiwa. "Malam, yau shekara talatin da ɗoriya ƙanwata ba ta yi mini Fillanci ba. In mun haɗu sai Hausa, kamar baƙi. Ɗazu wayata ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji tana kirana da sunan da uwarmu ke kirana, tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Ban san me 'yarka ta gaya mata ba."

Rabi'atu ta dafe bango.

"To, ta amince ke nan?" Malam Jalo ya tambaya. "Don ni ba na karɓar maganar da uwa ba ta sa albarka ba."

Malam Yero ya sosa gemu.

"Ba zan yi maka ƙarya a zaurenka ba. Ba ta ce ta amince ba. Na tambaye ta sau biyu, ta ƙi amsawa. Baffannin yaron ma ba a gaya musu ba tukuna, can ma akwai aiki." Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya fito da goro a ƙunshe cikin ganye, ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu. "Abin da ta ce kawai shi ne, Yero, tashi ka je yanzu, kada a riga mu."

Malam Jalo ya dubi goron, bai taɓa ba. Sannan ya juya wajen labule, kamar tun farko ya san tana nan.

"Rabi," ya ce, "kawo wa baƙi ruwa."